Akwatin Wuƙaƙen Sa'adiyya

Ƙofar Kwaya, Katsina
12 ga Afrilu, 1999

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya Abuja, ya gajiyar jira? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa ko kaji sun daina yawo. Hajiya mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi. Sunanka, wanda ni ban taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura mana aure, har yanzu yana manne a kowace katanga daga nan zuwa Babbar Kasuwa: Alhaji Nu'uman, Mai Kishin Talaka. Hotonka na jikin garejinmu awaki sun cinye masa rabin fuska, amma hular tana nan.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta ta sau biyu. Karo na farko ina neman inda ka tambayi lafiyata, karo na biyu na haƙura na karanta abin da ka rubuta.

In na fahimta daidai, maƙwabcinmu Alhaji Sule yana neman kujerar da jam'iyya ta yi maka alkawari lokacin da ka janye takara. Saboda haka yana bin manya yana cewa ƙaurayen da suka sari mutane ranar zaɓe daga gidanka suka samu makami, kuma matarka 'yar boko ita ce ma'ajinsu, tana da akwati guda cike da wuƙaƙe. Kai kuma maganin da ka gani shi ne in zuba akwatin a masai kafin soja su miƙa mulki.

Ba zan zuba ba. Na faɗa tun a nan don kada ka wahala da karatu kana neman amsa.

Amma bari in tuna maka abin da ke cikin akwatin, tunda ban tsammanin ka taɓa leƙawa. Babana, Malam Gwadabe, Allah ya ji ƙansa, marubucin Alƙur'ani ne, kuma duk alƙalamin kara da ya yi rubutu da shi, da hannunsa ya fiƙe shi da 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa. Ni ce mai riƙe masa tawada, don haka ni na ga yadda yake zaɓen wuƙa. Zai buɗe ta rabi ya saki, ya saurari yadda take komawa gidanta. In ta ce ƙas, sau ɗaya, to. Sai ya buɗe ta duka ya girgiza kusa da kunne. In ƙarfen yana rawa a ƙota, sai ya mayar wa mai kaya ya ce wannan mai surutu ce, ba ta riƙe amana. Daga nan ya ciro kara daga aljihu ya fiƙe, ya tsaga bakin. In tsagar ta tafi miƙe kamar zare, sannan a yi ciniki. Yakan ce wuƙar kirki kaifinta a ciki take ajiye shi, ba ta fito da shi sai da dalili. Ina ganin ba ya nufin 'yan siyasa.

Da ya rasu, yayyena maza suka ɗauki riguna da littattafai, ni na ce a bar mini wuƙaƙensa uku. Aka yi mini dariya aka ba ni. Sauran ni na tara. Wasu a Zariya ina jami'a, lokacin da ƙawayena ke sayen jan baki. Wasu fatake suka kawo daga Maraɗi, wasu tsarabar alhazai, akwai tsofaffin na kantin Turawa da tambarinsu ya goge. Sun haura arba'in, kowace da aljihunta a jikin zanen saƙi da na ɗinka. Mafi tsawonsu ba ta kai tafin hannuna ba. Ƙauran da zai fita sara da irin wannan, sai dai in lemo zai yi wa ta'addanci.

Ka san duk wannan, ko ya kamata ka sani. Ranar da ka fara zuwa zaurenmu zance ina fere maka mangwaro da mai ƙotar ƙaho, ka ce ba ka taɓa ganin mace irina ba. Na ɗauka yabo ne.

Akwai kuma abin da ba ka sani ba, don ba harkar maza ba ce. Ka san matan garin nan ba sa kwantar da jariri sai da ƙarfe a wajen kansa, wai maganin iska da mayu, har a yi arba'in. Ni na karanta kimiyya, ina koyar da ita, kuma malamai ma sun ce camfi ne. Amma shekarun baya wata jaririya a lungunmu ta miƙa hannu ta yanke a wuƙar girki da aka cusa mata ƙarƙashin matashi. Tun daga ranar Iya Baraka ungozoma ta fara zuwa aron nawa, tunda mai naɗewa ba ta cizo. Ba na wa'azi, ba na tambaya. Ina bayarwa, in an yi arba'in a dawo mini da ita da ɗan ƙosai ko dubulan. Yau ma ta zo mayar da ɗaya. Ta tsaya tana kallon idona da tafin hannuna har na tsargu, sannan ta ce, ɗiyata, ki rage shan shayin nan mai yaji.

Ka ci abinci, ka rage tsayuwa a barandar otal. Allah ya zaɓa mafi alheri.

Taka,
Halimatus Sa'adiyya

Ƙofar Kwaya, Katsina
4 ga Mayu, 1999

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta masu masaukinka. Ya haƙuri da mu? An yi yayyafin farko shekaranjiya, ƙasa ta yi ƙamshi na ɗan lokaci, zafi ya dawo da fushinsa. Ni ina nan, jikin ba daɗi sosai da safe, amma ina zuwa makaranta.

Na samu wasiƙarka ta biyu. Gajera ce, na yaba. Ka ce in zaɓa, ko kai ko wuƙaƙen. Yallaɓai, shekara da shekaru ana mulkinmu ba a tambaye mu ba, yanzu da aka ce zaɓe ya dawo, ashe har cikin ɗakina zai shigo. Sai dai naka irin na da ne: ɗan takara ɗaya, kuma an riga an rubuta sakamako.

Hajiya ta zo da kanta, na san kai ka turo ta. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo fura. Ta ce mace da wuƙa ba tsari ba ne, ta ce mutane na cewa ƙarfen da na tara ne ya hana ni haihuwa duk shekarun nan, ya kore rabo daga ɗakin. Na ce to, Hajiya. Ta ce in ji tsoron Allah in rufa wa ɗanta asiri. Na ce to, Hajiya. Da za ta tafi zaren carbinta ya harɗe a gezar mayafi, ta yi ta fama, sai na ciro 'yar ƙarama daga jakata na yanke mata. Ta karɓi carbin ba ta kalle ni ba. Ina son Hajiya, ka sani. Maganar haihuwar ce dai ta kwana da ni.

A makaranta ma labari ya kai. Malaman da muke shan shayi tare yanzu suna ce mini Sarauniyar Ƙauraye, ana dariya, amma na lura wasu sun daina aje jakarsu kusa da tawa. Shugabar makaranta ta kira ni ta ce ita ba ta yarda da jita-jita ba, sannan ta tambaye ni ko gaskiya ne.

To ga abin da na yi, gara ka ji daga gare ni. Ranar Asabar, yau kwana goma ke nan, na yafa mayafi na tafi Babbar Kasuwa, rumfar Babaji mai kayan ƙarfe, inda Baba yake saye tun ina riƙe masa gefen riga. Babaji ya tsufa, ido ɗaya ya tafi, amma yana ganina ya ce, 'yar Malam, ashe ba su kama ki ba tukuna? Ya ce tun da aka fara wannan magana kasuwarsa ta mutu, mai sayen wuƙar yanka albasa ma sai ya waiga hagu da dama. Ya zazzage mini wasu sababbi masu ƙotar roba, ja da kore, masu ƙyalli kamar motar sabon kansila. Na girgiza ɗaya, tana kaɗawa kamar goro a gwangwani. Na ce Baba Babaji, ni za ka yi wa haka? Ya yi dariya har da tari, ya ce gwaji ne, yana so ya ga ko boko ya ci kunnena. Sannan ya zura hannu ƙarƙashin buhu ya ciro wata. Aikin wani maƙeri ne na wajen Jibiya, ƙarfen sifirin mota, ƙota ta ƙahon rago da ƙusoshin tagulla uku, ɗaya ta ɗan karkace. Ba ta da kyau. Na buɗe rabi na saki, ta ce ƙas. Na tsinci kara a ƙasa na fiƙe, tsagar ta tafi miƙe. Na saya, na riƙo ta a hannu a fili har bakin titi, don masu kai rahoto kada su sha wahalar leƙe.

Ba don in ƙona maka rai na yi ba, ko da yake na san zai ƙone. Na yi ne don na lura ina tafiya a unguwarmu ina sunkuyar da kai, ni da ban yi komai ba. Wanda ya zubar da kayansa a masai cikin dare ya amsa laifi ke nan. In na zuba, gobe Alhaji Sule zai ce ga shi, sun ɓoye. Kai da ka karanta mulki a jami'a ya kamata ka riga ni ganin wannan.

Wani labarin kuma. Madina, 'yar Alhaji Sulen, da ta zo gida goyon ciki, ta sauka ranar Laraba, namiji. Washegari Iya Baraka ta shigo tana jan ƙafa, ta zauna, ta yi zancen tsadar gero, ta yi zancen ciwon baya, ta ƙi faɗin abin da ya kawo ta. Da na gaji na ce, Iya, matar Alhajin, Hajiya Jummai, ce ta aiko ki? Ta ce wallahi ita kunya take ji, amma uwar mai jegon ta ce duk jikokinta da wuƙar gidan nan aka yi musu arba'in, ba za a fara canji a kan wannan ba, maza su je can su ƙarata da siyasarsu. Na buɗe akwati na ba ta sabuwar, mai ƙahon rago. Ka ga ba ta ma yi mako a wurina ba.

Ban ba da ita da wata manufa ba. Jariri ba shi da jam'iyya.

Game da zaɓen da ka ba ni, ban jefa ƙuri'a ba. Ina nan a ɗakina, akwatin yana nan ƙarƙashin gado. Ka gaida duk wanda ya tambaye ni, in akwai.

Matarka,
Halimatus Sa'adiyya

Ƙofar Kwaya, Katsina
23 ga Mayu, 1999

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Damina ta kankama, rufin kicin yana yoyo a inda na gaya maka bara. Hajiya lafiya. Shirunka na mako biyu ya iso, na kuma fahimce shi.

Na san labarin ranar Alhamis zai riga wannan takarda zuwa, amma zai zo maka da ƙari, don haka ga yadda aka yi.

Da hantsi aka yi sallama. Mai unguwa ne, da wani sajan na 'yan sanda, da dattawan jam'iyya biyu, da Alhaji Sule cikin babbar riga mai aiki har gwiwa, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Yaran unguwa sun cika ƙofar gida. Mai unguwa, bawan Allah, sai haƙuri yake ba ni, wai bincike ne kawai don a wanke maigida. Na ce ba komai, ranka ya daɗe. Na sa hijabi, na jawo akwatin da kaina har zaure, na warware zanen a kan tabarma.

Sajan ya tsuguna yana dubawa. Ya ɗauki ɗaya ya kasa buɗewa, na nuna masa inda ake sa farce. Na ga yana ƙoƙarin haɗiye dariya. Amma Alhaji Sule ba wuƙaƙen yake kallo ba, aljihunan da ba komai a ciki yake kallo, don kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa nan. Ya ɗaga murya don na waje su ji. Ya ce jama'a ku shaida, ga gurabe nan fayau, ina sauran? Ya ce waɗannan su ne ke hannun yaran, a tambaye ta su wa ta ba.

Na ce gaskiya Alhaji ya faɗa, suna hannun yara, kuma duk a unguwar nan suke. Na ce in sajan yana so in kai shi gidajensu ɗaya bayan ɗaya, amma ya yi haƙuri da su wajen tambaya, don har yanzu ba wanda ya yi haƙori a cikinsu. Na aika a kira Iya Baraka, na ce mu fara da gida mafi kusa.

Ka san gidan da ya fi kusa da namu.

Har muka tsaya a ƙofarsa Alhaji Sule bai gane ba. Ina ganin tunda aka haifi yaron bai taka ɗakin mai jego ba, ya dai yanka rago ya karɓi barka a waje, kamar kowane namiji. Iya Baraka ta shige ciki, muka tsaya a zaurensa. Can sai ga ta da jaririn a kan matashinsa, an shafa masa kwalli, yana barci. Ta durƙusa gaban mai unguwa, ta ɗaga gefen matashin. Ga mai ƙahon rago nan a naɗe, da ƙusarta karkatacciya. Ta ce, to ga ƙauran nan na farko, sajan, sai a sa mashi ankwa, amma a bi a hankali, yanzu ya sha nono.

Sai muryar Hajiya Jummai daga bayan labule, ba ta ko gaishe da kowa ba. Ta ce duk mai son wuƙar nan, ko sajan ne ko gwamna, ya jira a yi arba'in. Ta ce kuma a gaya wa Alhaji, tunda shi ba ya tambaya, duk jikokinsa da ya ɗauka yana yi wa wasa, wuƙar matar Nu'uman ce ta yi gadinsu.

Dattawan jam'iyya suka tuna suna da wani taro. Mai unguwa ya yi wa yaron addu'a mai tsawo, ina jin don ya ba Alhaji lokacin nemo fuskarsa. Iya Baraka ta tambaya ko a ci gaba zuwa gida na biyu, sajan ya ce ya wadatar. Bayan la'asar ya dawo shi kaɗai, ba kaki, yana sosa ƙeya, wai maiɗakinsa ta kusa, ko akwai wadda ba a riga an yi kamu ba.

Kada ka ɗauka murna nake yi. Madina ta aiko tana kuka tana ba ni haƙuri, ita da ba ruwanta, kuma ban ji daɗin ganin dattijo ya rasa inda zai sa idonsa a zauren gidansa ba. Ban kuma san ko wannan zai ba ka kujerar ko zai hana ka ba. Wataƙila manyan Abuja su ce mutumin da matarsa ta gagare shi ba zai iya da hukuma ba. In haka ne, Allah ya ba ka wadda ta fi ta. Abin da ya tsaya mini a rai ba Alhaji Sule ba ne. Shi abokin hamayya ne, aikinsa ya yi. Kai ne ka ji an yi wa matarka ƙazafi, ba ka ce ƙarya ne ba, ka ce ta ɓoye.

Saura magana ɗaya. A cikin ukun da Baba ya bari akwai wadda ban taɓa ba kowa aro ba, 'yar baƙa mai ƙotar kanya, wadda ya fiƙe alƙalamin saukarsa ta ƙarshe da ita. Wurin babban yatsansa ya lotsa a jikin itacen. Jiya na ciro ta, na wasa ta, na shafa mata man kaɗe, na naɗe. Iya Baraka ta riga likita ganewa da wata guda, amma likitar ma ta tabbatar ina da juna biyu. In Allah ya kai mu, kafin azumi ya kama za a buƙace ta a ɗakin nan.

Na so in gaya maka tun a takardar farko. Na jira ka tambayi lafiyata.

Har gobe ina cewa camfi ne, kuma zan sa ta. Zaɓen da ka ba ni yana nan yadda ka bar shi, ban taɓa ba. In ka dawo kana kan bakanka, ba sai ka aiko Hajiya ko takarda ba. Ka shigo ɗakin da kanka, ka ɗaga matashin ɗanka, ka ɗauka.

Ka taho da lemar ruwa. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka, 'yar Malam Gwadabe,
Halimatus Sa'adiyya